Lambu a Akwatin Batir

Gatarin ya sauka a gefen murfin batirin, robar ta tsage da wata ƙara mai kashe kunne. Ruwan ciki ya tsarto, ya gangara ta tsakar gida yana cin ƙasa, yana barin farin kumfa duk inda ya bi. Mai Batir ya take batirin da ƙafa, ya zura hannu ya dinga zaro fallayen dalma yana watsawa a kaskon ƙarfen da ke kan murhu. Da ya kwashe tas, sai ya ɗaga baƙin akwatin robar zai cilla shi bayan katanga, inda 'yan'uwansa suke jibge.

"Baban Rediyo, tsaya! Kar ka jefar!"

Matarsa ce ta fito daga ɗaki tana gyara ɗaurin kallabi. Ta fizge akwatin daga hannunsa, ta leƙa ciki, ta ƙwanƙwasa gindinsa kamar mai sayen tukunya a kasuwa.

"Me za ki yi da shi? Kayan ɗaki za ki ƙara?"

"Lambu zan yi."

"Lambu? A gidan nan? Ina filin, ko a kaina za ki shuka?"

"Ai da saman kan nan yana riƙe ruwa da tuni na zuba iri. Fili ne fetal, ko ciyawa babu."

Kaka, mahaifiyarsa, tana zaune a inuwar ɗaki tana tsintar wake. Ta yi dariya har ta sarƙe. 'Yarsu kuwa ta taso da gudu tana zagaya ubanta tana tafi: "Baba mai fili! Baba mai fili!" Ba ta kai shiga makaranta ba, amma tun ranar da bakinta ya buɗe bai ƙara rufuwa ba, shi ya sa kowa ke ce mata Rediyo. Ita kaɗai gare su. Duk cikin da uwarta ta samu bayanta, zubewa yake yi tun bai zama mutum ba.

Dama a farkon makon ne wata ƙungiya ta zo unguwar, ta tara mata a ɗakin taro. An zana wasu akwatuna masu launi iri-iri a bango, kowanne da abin da yake nufi. Malamar da ta zo da shirin, wata budurwa mai tabarau da yawan fara'a, ta ce shugabannin duniya ne suka zauna suka yi alkawari: za a kori yunwa, za a kori talauci, kowa zai sami lafiya da ruwa mai tsabta da wutar da ba ta hayaƙi. Ta nuna akwati ɗaya ta ce nasu ke nan, na yunwa. Ta raba iri, ta ce ba sai da gona ba. Tsohon bokiti, tsohuwar taya, fasasshiyar jarka, duk abin da zai riƙe ƙasa lambu ne. "Kada ku zubar da komai," in ji ta. "Abin da kuke kira shara, dukiya ce."

Da Maman Rediyo ta dawo ta ba da labari, Kaka ta taɓe baki ta ce, "Duniya ce ta yi alkawarin? To wa ya tsaya mata shaida?"

A gidan babu tsohon bokiti, don wanda ya tsufa ma aiki yake yi. Amma akwatin batir, ga shi nan birjik. Tun da masu hali na cikin gari suka koma wutar hasken rana, matattun batura suka yawaita. A can suna ba da haske, babu hayaƙi babu ƙara. In sun mutu sai a kawo gawarsu nan bakin gari. Mai Batir ya fasa, ya narka dalmar, ya zuba a gwangwanaye ta daskare, dillali ya zo ya kwashe. Da wannan ake ɗora tukunya a gidan.

Kada wani ya ce matar nan sakarci ta yi. A gona ta tashi, da idonta ta ga mahaifinta yana kwasar tokar murhu yana barbaɗa wa shuka. Ta wanke akwatunan da soso da sabulu har tafin hannunta ya yi ja. Ta ɗebi ƙasar tsakar gida, don ita ce ba a saya, ta cakuɗa da kashin kaji. Sannan ta durƙusa a gindin murhun mijinta, ta kwaso tokar da ta taru a wurin ta gauraya. Ta ji ta fi tokar itace nauyi a hannu, ta ce a ranta lallai wannan za ta fi ƙarfi.

* * *

Ba a jima ba jikin katanga ya yi kore shar. Alayyahu ya tashi, tumatir ya yi 'ya'ya, ga albasa ga latas. Miyar gidan da a da ruwa ya fi yawa a cikinta ta yi kauri. Maman Rediyo takan tsinko ta aika wa maƙwabta, su aiko da godiya, tafiyarta ma ta sake. Mace ce da ba ta taɓa mallakar abin da za ta ba wani ba.

Rediyo ta zama 'yar aikin lambu ba a ɗauke ta ba. Ita ce tona ƙasa da yatsa, ita ce hira da tumatir, tana ba kowanne suna tana yi masa faɗa in bai nuna da wuri ba. In ta gama sai ta lashe yatsunta.

"Kaka, ƙasar Mama zaƙi gare ta."

"Ke ai komai zaƙi gare shi a bakin nan naki. Wata rana za ki cinye ni ina barci."

"Ke ba ki da daɗi, kin tsufa."

"Ja'ira! Zo nan ki maimaita."

Ranar da Malamar ta zo dubawa, tsayawa ta yi a bakin ƙofa tana tafa hannu. Ta ce duk unguwar babu gidan da ya fahimci darasin kamar wannan. Ta ce manyan baƙi na tafe daga nesa, masu ba da kuɗin shirin, kuma nan za ta fara kawo su.

Suka zo da hantsi cikin manyan motoci. Wani mai ɗaukar hoto ne ya riga su shigowa. Ya dubi lambun ya gyaɗa kai, ya juya ya dubi murhu da kasko da tulin batura ya yamutsa fuska.

"Maigida, wannan tarkacen fa? A lulluɓe shi mana, zai ɓata hoton."

Mai Batir ya kashe wuta, ya ruga maƙwabta ya aro tamfol ya rufe sana'arsa ruf. Ya sa rigarsa mai kyau ya tsaya a gefe yana murmushi, hannu a baya, kamar baƙo a gidansa.

Baƙin suka zagaya suna jinjina kai. Wata dattijuwa a cikinsu ta sunkuya, ta shafa gefen akwati ɗaya, ta yi wata tambaya da harshensu. Malamar ta juyo ga Maman Rediyo.

"Wai kin wanke su sosai kafin ki zuba ƙasa?"

"Da sabulu, ranki ya daɗe. Har fatar hannuna sai da ta saɓule."

Malamar ta mayar da amsa. Dattijuwar ta miƙe a hankali, idonta ya tafi kan tamfol ɗin ya tsaya. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai wani mai riƙe da jaka ya nuna mata agogo. Akwai sauran wurare, rana kuma tana yi. Aka tsinko jan tumatir aka ba Rediyo, aka ce ta gatsa ta kalli mai hoto. Ta gatsa, ruwan ya gangaro mata a haɓa, ta ɗaga hannu ta ƙwala abin da aka koya mata: "Babu yunwa!"

Aka yi tafi. Motoci suka tashi. Mai Batir ya yaye tamfol ya hura wutarsa.

* * *

Ciwon ciki ne ya fara. Yarinyar takan dunƙule a tabarma ta riƙe cibiya, kwana da kwanaki ba ta zagaya ba. Aka ce tsutsa ce, aka ba ta maganin tsutsa. Sai fushi ya biyo baya. Yarinyar da ko mari ba ya hana ta dariya ta koma cizo da jifa da kwano. Fuskarta ta ɗashe, tafin hannunta ya yi fari.

Kaka ta ce, "Baki ne. Tun ranar da aka tara mata idanu aka ɗauke ta a hoto ba ta ƙara zama daidai ba. Na faɗa, ba a ji."

Uwar ta ja fatar idon 'yar ta duba, ta ga babu jini. Ta tuna Malamar ta ce ganye shi ne mai ƙara jini. Sai ta ninka. Da safe ganye, da rana ganye. Takan daka alayyahu ɗanye ta tace ruwan, ta matse yarinyar tsakanin cinyoyinta ta ɗura mata tana kuka.

"Sha, uwata, sha. Don ki warke ne. Sauran kurɓi ɗaya."

Uban kuma in ya tashi daga aiki yakan sayo madara. Al'adar masu sana'arsa ce. Kowa in ya gama shaƙar hayaƙin kasko sai ya sha madara, wai tana wanke ƙirji. Yanzu sai ya daina sha, ya kawo wa 'yarsa. Yakan zaunar da ita a cinyarsa da kayan aikin a jikinsa, ya riƙe mata kofin, in ta zubo ya share mata baki da babban yatsansa.

Maganarta ta dinga raguwa kamar ruwan randa mai yoyo. Wata rana ta nuna kaza, ta buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Ta yi ta nunawa tana buga ƙafa a ƙasa, har ta fashe da kuka. Kaka da ta saba tsokanarta ta kau da kai, ta ja bakin mayafi ta goge ido.

Ran nan da tsakar rana uwar tana ban ruwa, yarinyar na tsugune kusa da ita. Sai ta ji wani abu ya faɗi tim. Ta juyo ta ga Rediyo a ƙasa ta sanƙare, idanu sun juye sai fari, haƙora sun datse, ƙafafu suna shure akwatin tumatir. Ihun da matar ta yi, sai da ya fito da mutanen layin gaba ɗaya.

* * *

Likitan da ya karɓe su mutum ne mai furfura, da alamar gajiya a idonsa. Bayan an yi wa yarinyar allura jijjigar ta lafa, ya ɗaga leɓenta ya haska dasashinta. Wani siririn baƙin layi ya bi gindin haƙoran. Ya sa aka ɗebi jini. Da sakamakon ya fito, ya kira su ofishinsa su uku, ya ce su zauna.

"Malam, mece ce sana'arka?"

"Batir nake fasawa, likita. Ina narka dalma."

Likitan ya ajiye alƙalami. "A ina?"

"A gida."

"Gidan da yarinyar take kwana?"

"Ai ba mu da wani."

Ya juya ga uwar. "Me take ci?"

Nan ta ɗan sami ƙarfin murya, don a nan ne take ganin ba ta da laifi. "Ganye, likita. Sabo, daga lambuna. Kullum sai ta ci, har ɗanye nake tace mata. Ba na wasa da cikinta, ko maƙwabta sun shaida."

"Ina lambun yake?"

Ta gaya masa. Ta faɗi akwatunan, ta faɗi wankin sabulu, ta faɗi ƙasar tsakar gida. Da ta zo kan tokar murhu, sai ta ga ya rufe ido, ya dafe goshi.

Ya ce, "Dalma ce a jinin 'yarku. Yawanta ya wuce abin da na'urarmu take iya aunawa. Tana cikin ƙasar gidanku, tana cikin tokar, tana manne a ganyen, tana cikin ƙurar da kuke shaƙa. Sabulu ba ya fitar da ita. Wuta ba ta kashe ta. Babba yakan daɗe yana ɗauke da ita, amma yaro, kai take hawa."

Mai Batir ya matso gaba a kujera. "Amma likita, madara nake ba ta. Mu duk madara muke sha, tana wanke ƙirji."

"Wa ya gaya maka?"

"Maigidana, wanda ya koya mini aikin."

"Yana ina yanzu?"

Mai Batir ya koma baya a kujera. Can ya ce, "Ya rasu. Ƙoda aka ce."

Likitan ya gyaɗa kai. Ya dubi matar ya sassauta murya. "Baiwar Allah, kin taɓa yin ɓari?"

Ta sunkuyar da kai. Kaka ce ta saki salati a hankali, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Akwai maganin da zai janyo ta daga jini," in ji likitan. "Ba mu da shi a nan, sai an saya a waje, kuma ba sha ɗaya ba ne, za a daɗe ana yi. Rai, ina sa ran za mu tsirar in Allah ya yarda. Abin da ta riga ta ɓata a kai kuwa, ba zan yi muku alkawari ba. Amma ku ji ni da kyau. Kada yarinyar nan ta koma gidan nan sai an kwashe ƙasarsa. Kai kuma, muddin kana wannan aiki, kana ɗauke da ita a tufafinka, a gashinka, a ƙarƙashin farcenka. In ta ci gaba da shiga jikinta, maganin ya tashi a banza."

A barandar asibitin matar ta juyo wa mijinta.

"Shekara da shekaru kana wannan aiki, ba ka san guba kake dafa mana a tsakar gida ba?"

"Ke wa ya aike ki kwasar toka? Ni na ce ki kwasa?"

"Ka hana ni? Kana tsaye kana yi mini dariya!"

"Da aikin nan kika ci kika sha, yau ne ya zama guba?"

"'Ya'yana fa? Waɗanda ban ko ga fuskarsu ba?"

Ya kau da kai. Ita kuma ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa, ta dubi tafukan hannunta. "Ni na ɗura mata," ta ce, ba da kowa take ba. "Tana kuka tana ture ni, ina matse ta."

Kaka ta leƙo daga ɗakin marasa lafiya. "Ku rufa mana asiri ku yi shiru. Ta farka, tana jin ku."

Suka shiga. Idon yarinyar a buɗe yake, yana kallon silin. Uwar ta kira ta, ta sake kira. Ba ta juyo ba.

* * *

Mai Batir ya nemi ofishin ƙungiyar har ya samu. Ya tarar ana ciccire allunan bango ana ɗaure kujeru. Wani ma'aikaci mai ladabi ya saurare shi har ƙarshe, yana girgiza kai yana cewa subhanallahi.

"Gaskiya abin ba daɗi, Baba. Sai dai shirin ya ƙare, an cimma buri. Unguwarku ma aka fi yabawa."

"Ni ba yabo na zo nema ba, ɗana. Ƙasar gidana nake so a taimaka a kwashe. Da maganin yarinya."

"To ai wannan ba namu ba ne. Mu yunwa aka ba mu. Maganar magani ta masu akwatin lafiya ce, ƙasa kuma ta masu muhalli."

"Ina zan same su?"

"Ba su iso wannan yankin ba tukuna. Wataƙila baɗi, in an sami masu ba da kuɗi."

A bakin ƙofa ya ci karo da Malamar, rungume da kwalin kayanta. Ita ma an sallame ta. Tun daga gida ya tanadi maganganun da zai gasa mata. Ya fara ba ta labari, bai kai rabi ba kwalin ya suɓuce daga hannunta. Ta cire tabarau tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Wallahi Baba ba a koya mana wannan ba. Mako guda aka yi mana horo. Wallahi ban sani ba."

Ya tsaya yana kallonta. Sa'ar ƙanwarsa ce, takalminta ma ya cinye ta gefe ɗaya. Ya sunkuya ya tattara mata kayan, ya miƙa mata, ya wuce.

Shi kaɗai ya kwashe ƙasar. Ya tumɓuke lambun, ya fasa tsakar gida da diga, ya cika baro. Sai da ya fito titi ya gane bai san inda zai kai ta ba. Filin farko yara na ƙwallo. Na biyu awaki na kiwo. Bayan layi akwai rijiyar da unguwa ke sha. Ya yi ta turawa a rana, mutane na kallonsa daga ƙofofinsu. Maƙwabtan da suka ci ganyen matarsa suka daina amsa gaisuwarsa. Wata ma ta janye ɗanta ta rufe ƙofa. Daga ƙarshe ya kai wani tsohon ramin da aka taɓa haƙar dutse a bayan gari, ya juye a can.

Ya rantse ya bar batir har abada. Ya tafi kasuwa dako. Amma wuyan hannunsa ya daɗe da yin sanyi bai lura ba. Buhu na farko ya kufce masa, na biyu ya fashe a ƙasa, mai kaya ya kore shi da zagi. Ya nemi gadi, aka ce an ɗauka. Maganin farko ya ƙare, likita ya ce jinin ya fara sauka, kada a kuskura a tsaya.

Ran nan dillali ya zo ya same shi zaune a tsakar gidan da ya zama rami.

"Ina ta nemanka, mutumina. Batura sun taru har sun rasa wurin ajiya. Ko ka yi arziki ne ba mu sani ba?"

Mai Batir bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Kar ka kawo nan. Ka kai bakin ramin dutse."

A can ya kafa murhunsa. Ranar farko da hayaƙin ya tashi, ya bi shi da ido ya ga inda iska ke kai shi: wasu 'yan bukkokin kwano a gangare, da igiyar shanya a tsakaninsu, an jera ƙananan riguna na jarirai. Ya gyara zama ya ba su baya, ya ci gaba da zuga wuta.

* * *

Da aka sallami yarinyar, uwar ta wuce da ita ɗakin yayarta a wata unguwa. Ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, an raba shi da labule. Rediyo ta rayu. Tana ci in an ba ta, tana tafiya tana jan ƙafar hagu. Takan zauna ta yi ta kallon bango, miyau na zuba, sai an goge mata. Likita ya ce a yi haƙuri, wani abin yakan dawo, wani ba ya dawowa.

Uban yakan aiko da magani ta hannun Kaka. Shi bai zo ba sai da aka kwana biyu. Ranar da zai zo, ya yi wanka a gidan wanka na kasuwa, ya aske gemunsa da ɗan gashin da ya rage masa a kai, ya aro riga da wando wurin wani tela abokinsa. Ya iso da la'asar, ya yi sallama, ya tsaya a bakin baranda bai hau ba.

Matarsa ta fito. Ta rame, shi ma ya rame. Suka gaisa kamar surukai.

"Ya jikin nata?"

"Da sauƙi. Jiya ta riƙe cokali da kanta."

"Alhamdu lillahi."

"Ka shigo mana, Yaya ba ta nan."

"Nan ma ya isa."

Labule ya motsa. Yarinyar ta fito tana dafa bango. Ta tsaya, ta ƙura wa mutumin da ke tsaye ido, kai ba gashi, fuska ba gemu, cikin rigar da ba ta sani ba. Can wani abu ya gifta a fuskarta. Ta saki bangon. Ta taho tana jan ƙafa, tana wani sauti a maƙogwaro, har ta iso bakin barandar. Ta ɗaga hannuwanta biyu sama.

Uwar ta toshe baki da mayafi. "Ta gane ka. Wallahi ta gane ka! Ko ni ba ta yi wa haka ba. Ɗauke ta, Baban Rediyo."

Ya miƙo hannu. A hasken la'asar ya ga farcensa. Ya yanke su har sai da suka yi jini, ya goge da soso, ya sa tsinke ya ƙwaƙule, amma baƙin yana nan kwance a cikin tsagar fata, siriri, a kowane yatsa.

"Ɗauke ta mana. Ai ka yi wanka."

Ya mayar da hannuwansa baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya.

"Uwata," ya ce. "Ga Baba. Ga Baba nan."

Yarinyar ta ci gaba da tsayuwa, hannu a sama, tana kallonsa. Ta daɗe a haka. Da hannuwan suka gaji suka fara rawa, sai ta sauke su a hankali, ta zauna a gefen barandar kusa da ƙafarsa. Ya ja da baya taki ɗaya.